Bella da Hanna: zanen 'yan mata biyu da aku a cikin keji

Wane zane ne wannan?

Zanen fenti ne da Christoffer Wilhelm Eckersberg ya yi a shekarar 1820, na Bella da Hanna, manyan 'ya'ya mata na wani attajiri a Kwapanhagan, babban birnin Danmak, mai suna Mendel Levin Nathanson. Yanzu yana rataye a gidan adana zane-zane na ƙasar Danmak, Statens Museum for Kunst. Ɗaya tana tsaye ta fuskanci mai kallo, ɗayar tana zaune an nuna gefen fuskarta, ga kejin aku a kan tebur. Ɗakin babu tarkacen ado, sai bango da 'yan kayan zama.

Shi Eckersberg wane ne?

An haife shi a 1783, ya rasu a annobar kwalara ta 1853. Ya yi koyo a Faris wajen shahararren mai zanen Faransa Jacques-Louis David, ya zauna a Rum daga 1813 zuwa 1816, sannan ya zama farfesa a makarantar zane ta sarauta da ke Kwapanhagan a 1818. Ta hannunsa manyan masu zane irin su Christen Købke da Constantin Hansen da Wilhelm Marstrand suka fito, shi ya sa ake ce masa uban zanen Danmak.

Me ya sa uba zai kashe kuɗi a zana masa 'ya'ya?

Na farko dai babu kyamara, sai a 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto. Wanda yake son kamannin 'ya'yansa su wanzu, dole ya nemi mai zane. Amma batun Nathanson ya wuce nan. Bayahude ne, kuma sai a 1814 Sarki Frederik na Shida ya sa hannu kan dokar da ta ba Yahudawan Danmak mafi yawan 'yancin 'yan ƙasa. Nathanson na cikin waɗanda suka yi tsayin daka kan a shigar da Yahudawa cikin jama'a, har da kafa musu makarantu: ta yara maza a 1805, ta mata a 1810. Duk da haka, a 1819 aka yi tarzomar ƙin jinin Yahudawa a Kwapanhagan, aka farfasa tagogin gidaje da shaguna. Shekara guda bayan wannan aka yi zanen.

A ganina, da wannan idon ya kamata a kalle shi. Babu wata alamar addini a ciki. Sutura irin ta yayin lokacin, gyaran gashi irin na kowace 'yar manyan gida, natsuwa irin wadda ake yabo. Uban yana faɗa wa birnin cewa 'ya'yansa 'yan gari ne, ba baƙi ba. Kafin wannan ma, a 1818, ya sa Eckersberg ya zana iyalin gaba ɗaya, shi da matarsa suna shigowa ɗaki yaran suna tarbarsu.

To akun fa?

Nan masana suka rabu. Wasu sun ce tunda aku tsuntsu ne da ake koya wa magana ya maimaita, alama ce ta tarbiyya. Wasu kuma keji suka duba: budurwar da ba ta yi aure ba a gidan masu hali na wancan zamani, tana cikin gata amma ba ta da ta cewa. Na fi karkata ga na biyun, ko da yake ba lallai mai zanen ya nufi suka ba. Mai yiwuwa ne kuma gidan suna da aku, ya zana abin da ya gani, don Eckersberg ya yi suna wajen matsa wa ɗalibansa su zana abu yadda yake.

Me ya sa suka sandare haka?

Tasirin David ne, da son da masu zanen lokacin suke yi wa gumakan Girka da Rum. Ana so layi ya fita tsaf, jiki ya tsaya cak. Ga kuma wata dabara: 'yan'uwan sun yi kama sosai, sai ya nuna ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe, har mai kallo ya ji kamar fuska ɗaya yake zagayawa.