Ƙira don sha'awa: daga ƙugiyar tukunya zuwa wuƙa da gatari

Bidiyon mutanen Amurka da Turai masu ƙera wuƙaƙe da gatura a bayan gidajensu ya cika intanet, kuma matasanmu da dama sun fara sha'awar gwadawa. Ga tambayoyin da mai niyyar farawa ya fi yi.

Wanda bai gaji ƙira ba zai iya taɓa ta?

Zai iya. Gaskiya ne a ƙasar Hausa ƙira gado ce, tana da Sarkin Maƙera, tana da kiɗanta na dundufa, har tarihin Kano ma yana danganta Abagayawa da maƙerin da ya taso daga Gaya ya zo Dala neman tama. A Amurka kuwa masana'antu sun kusa binne sana'ar, sai masu sha'awa suka tashe ta. A 1973 aka kafa ƙungiyar ABANA a jihar Jojiya don haɗa kan maƙera, kuma da yawa cikin masu ƙira a can yau suna da wani aikin, ranar hutu kawai suke hura wuta. Su sai sun biya kuɗin makaranta kafin su ga yadda ake riƙe masaba. Mu kuwa da wuya ka shiga babbar kasuwa ba ka ji amon maƙera ba. Ka je ka gaida mai maƙerar da ladabi, ka roƙi ya bar ka ka yi masa zuga. Abin da idonka zai ɗauka a wannan zama, bidiyo ba zai ba ka shi ba.

Wane kaya ake bukata?

Wuta, iska, masaba, awartaki, magagari, da uwar maƙera, wato abin da za a ɗora ƙarfe a kai a daka. Gawayin ƙirya maƙera suka fi so, don yana da nauyi, yana jimawa yana ci. In babu zugazugi, ƙaramin injin busar da gashi da aka haɗa da bututun ƙarfe ya wadatar. Kan babbar guduma da aka kafa a kututture zai tsaya maka a matsayin uwar maƙera. Turawa suna yawan amfani da guntun ƙarfen titin jirgi, amma a Najeriya ka yi nesa da shi, kada a ɗauke ka cikin ɓarayin layin dogo. Masaba kuma kada ta wuce kilo ɗaya da farko. Mai nauyi kafaɗa take kashewa, kuma bugun ba ya sauka inda aka nufa.

Kowane ƙarfe yana yin wuƙa?

A'a. Abin da ke sa ƙarfe ya yi tauri shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa. Ƙarfen da masu walda ke yin ƙofa da taga da shi, kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, ko ka gasa shi ka tsoma a mai ko ruwa sau goma don ya yi tauri, ba zai riƙe kaifi ba. Rodin gini ba shi da tabbas, wani ya yi tauri, wani ya ƙi. Sifirin ɗin mota, wato faifayen nan da ke ƙarƙashin a-kori-kura, yawanci yana da kimanin kashi 0.6, shi ya sa maƙeranmu suka daɗe suna sayensa wurin 'yan gwangwan. Tsohon magagari ya kai kusan kashi ɗaya, yana yin ƙaramar wuƙa mai kaifi ƙwarai. In kana shakka, goga ƙarfen a injin wasa: mai kabon da yawa tartsatsinsa yana fashewa yana rassa, maras shi kuwa dogayen layuka kawai yake fitarwa. Ka kuma duba sifirin da kyau, wanda ya sha hanya yakan zo da tsaga a ɓoye.

Me ya sa ake cewa kada a fara da wuƙa?

Don kayan girki sun fi yafe kuskure. Ƙugiyar rataya tukunya, murhu mai ƙafa uku, sandar tona garwashi, ragar gasa nama, dukkansu da ƙarfen walda mai araha ake yin su, kuma ba sa bukatar tauri. A kansu hannu ke koyon fitar da tsini, lanƙwasa da murɗawa. Ƙugiya in ta karkace za ta riƙe tukunya duk da haka. In ka gama, ka kankare baƙin ɓawon da wuta ta bari, ka shafa man gyaɗa da sauran zafi a jikin ƙarfen, zai yi baƙi ya kare shi daga tsatsa.

To yaya ake sa wuƙa ta riƙe kaifi?

A nan aikin yake, kuma a nan yawancin masu koyo suke faɗuwa, don sun zaci duka ne ke yin wuƙa. Duka siffa kawai yake bayarwa. Ana dukan ƙarfe yana tsakanin ja mai haske da ruwan lemo, wajen digiri 900 zuwa 1,100 a ma'aunin Salshiyos. Da ya fara duhu a mayar da shi wuta, in ba haka ba ya tsage. In ka ga yana feshin tartsatsi cikin wuta, ka ƙone shi.

Bayan siffa ta fito, a gasa wuƙar ta yi ja, a bar ta ta huce a iska, sau biyu ko uku, don jikin ƙarfen ya daidaita. Sai a gyara da magagari, amma a bar wa bakin kaurin kamar milimita ɗaya. In ya yi siriri da yawa zai murɗe wajen tsomawa.

Daga nan sai a sake gasawa a hankali ana taɓa ta da maganaɗisu. Wajen digiri 770 ƙarfe ke daina kama shi. A ƙara zafi kaɗan, ya kai kamar 800 zuwa 830, sannan a tsoma cikin man gyaɗa mai ɗumi ba tare da jinkiri ba. A inuwa ake wannan aiki, don hasken rana yana ɓoye launin ƙarfe. Ruwa yana sanyaya shi da gaggawar da sifirin ba ya jurewa, sau da yawa sai ka ji ƙas, aikin yini ya tafi. In tauri ya kama, magagari zai riƙa zamewa a bakin ba ya ci.

A wannan hali wuƙar kamar tangaram take, in ta faɗi ƙasa tana iya karyewa. Dole a sassauta ta. Mai tandun gasa burodi na gida ya sa ta a digiri 200 na awa ɗaya, sau biyu. Wanda ba shi da shi ya goge ta ta yi fari, ya ɗora gadon bayanta a kan ƙarfe mai zafi yana kallon launi yana tafiya zuwa baki. Da bakin ya yi ruwan kara sai a tsoma a ruwa. In ya kai shuɗi, wajen digiri 300, ya yi laushi da yawa ga wuƙa. Bayan wannan ne ake washi, a sa ƙota, a ɗinka kube.

Gatari fa?

Namu ya fi sauƙi: ruwan gatari mai tsini a baya, a gasa tsinin a soka shi cikin kan ƙota. Na Turawa shi ke da rami a jikin ƙarfen, ƙotar ta shiga ciki, kuma huda wannan rami a ƙarfe mai kauri yana son mutum biyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya daka. Ko wanne ne, bakin kawai ake taurarawa, kuma ana sassauta shi fiye da wuƙa, har launi ya wuce ruwan kara ya doshi ruwan ƙasa, tunda sara zai sha.

Wane haɗari ne mutane suka fi rainawa?

Kowa yana tsoron jan ƙarfe, amma wanda ya koma baƙi bai huce ba shi ya fi ƙona mutane. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari, tana kisa, don haka a rumfa ake ƙira. Bututun ruwa da kwanon rufi masu shafen zinki kada su shiga wuta, farin hayaƙinsu yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, kuma ba a yin ragar gasa nama da su. Haka duron da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari, kada a yanka shi, kada a yi kasko da shi. Baƙin man mota da wasu ke tsoma ƙarfe a ciki hayaƙinsa guba ne. A sa tabarau mai kare ido da rigar auduga, don yadin roba narkewa yake ya manne a fata. Man tsomawa kuma yakan kama da wuta, saboda haka a zuba shi a gwangwanin ƙarfe mai murfi, in ya tashi a rufe shi, kada a watsa masa ruwa.