Waiwaye: Yadda Zanen Birtaniya Ya Koma Wa'azi

Ba a ƙarni na 19 masu zane a Birtaniya suka fara yi wa jama'a gargaɗi da fenti ba. Tun a shekarun 1730 William Hogarth yake fitar da jerin zane-zanen da ke bin rayuwar mutum ɗaya daga ruɗin duniya har gidan mahaukata ko kabari, sai dai shi da zambo yake haɗawa. Waɗanda suka zo a zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta hau karaga a 1837, sun yar da dariyar, suka riƙe tsoratarwar.

Masu saye ne suka sauya. Attajiran masaƙun Manchester da 'yan kasuwar Birmingham sun fi son hoton da iyali za su tsaya a gabansa su tsinto labarinsa, don haka kowane ɗan abu a cikin zane sai da aka ɗora masa ma'ana. A wani zanen William Holman Hunt na 1853, wata budurwa tana zabura daga cinyar saurayin da ya ajiye ta, babu zoben aure a yatsarta, ga kuma kyanwa a ƙarƙashin tebur tana wasa da tsuntsun da ta kama. Da mutane suka kasa gane manufar, John Ruskin, mai sharhi kan zane-zane, ya rubuta wa jaridar The Times a 1854 yana warware musu alamomin.

Abin lura shi ne wanda wa'azin ya fi faɗa wa. A 1857 majalisa ta yi dokar da ta ba miji damar sakin matarsa saboda zina kaɗai, alhali ita sai ta tabbatar da wani laifin mijin ban da zinar, kamar zalunci ko gudun gida. Shekara guda bayan haka Augustus Egg ya nuna zanensa mai kashi uku: a na farko miji na riƙe da wasiƙar da ta tona asiri, matar na kwance a ƙasa, 'ya'yansu mata biyu na gina gidan karta yana rushewa, a na ƙarshe tana fakewa a wani lungu bakin kogin Thames da jariri a hannu. Kwarton kuwa, babu inda aka nuna abin da ya same shi.

Wannan salo ya fara ja da baya lokacin da mai zane James Whistler, mai ganin cewa ba aikin zane ba ne ba da labari, ya maka Ruskin a kotu a 1878 kan ɓata suna. Ya yi nasara, amma diyyar da aka yanke masa ba ta wuce rubu'in kwabo ɗaya na kuɗin Ingila ba.