Koyi Ne Ko Sata? Amsa Ga Masu Zanen Da Suka Hana Ni Sakat

Da buroshi da fenti na fara rubuta allunan shaguna a nan Birnin Kebbi, kafin kwamfuta ta zo ta same mu. Tun da yara suka koma zane a waya suna ɗorawa a Facebook da Instagram, ba na mako guda ba a turo mini rigimar "wane ya kwafe ni" ba. Na gaji da maimaitawa. Wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Malam, laifi ne in koyi zane ta hanyar kwaikwayon na wani?

A'a. Da me za ka koya? Kwaikwaya, ka bar shi a littafinka.

To in na ɗora a shafina fa?

Rubuta sunan mai shi, ka ce gwaji kake yi. "A intanet na samo" ba suna ba ne. Intanet ba ya riƙe fensir.

An ce idan na canja kashi 30 cikin ɗari ya zama nawa.

Wa ya ce? Babu wannan lissafin a dokar Najeriya. Ka saci akuya ka shafa mata lalle, mai ita zai kasa gane ta ne?

Wani ya ce na sace masa salo.

Salo ba gonar gado ba ne. Yaron da ya yi shekaru a shagon maigidansa dole hannunsa ya ɗauko na maigidan, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Masu aikin babbar riga nawa ne suka ɗinka aska takwas? Wa ya kai wani ƙara wurin hakimi? Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023, aikin da aka samar take karewa, ba tunani ko hanyar yin sa ba. Don haka kaurin layi, son shuɗi da ja, manyan idanu, duk ɗauka. Amma ku masu fakewa da kalmar salo, na san ku. In ka ɗora zanensa a ƙarƙashin naka a manhajar zane ta ibisPaint ka bi layi bayan layi, ba salo ka ɗauka ba, zanen ka ɗauke.

Yaya, na ga hoton wani masunci a bikin Argungu, ya rungumi gora yana ɗaga homa. Na zana shi da hannuna, na canja launi. Wani otal yana so ya saya. In sayar?

Yauwa, ƙanena, yau ga tambaya. Zauna.

Bikin ba na mai kyamara ba ne. Kogin Matan Fada ba nasa ba ne, gora da homa ma haka. Tun 2016 UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun gado na duniya. Kowa na iya zana masunci cikin ruwa. Abin da yake na mai hoton shi ne zaɓinsa: inda ya tsaya, daƙiƙar da ya danna, yadda rana ta faɗo a kafaɗar mutumin, wanda ya sa a gaba da wanda ya bari a baya. Kuma hoto yana da kariya ta shekara 50 a dokarmu.

Ga gwajin da nake yi wa yarana a shago, ko da yake ni ba lauya ba ne kuma alƙali na iya ganinta daban. Ajiye hoton da zanen gefe da gefe, ka kira mai shayin bakin layi, wanda bai san komai a harkar ba. In ya ce "ai wannan shi ne wannan", kana cikin matsala. In ya ce "duk Argungu ne", da sauƙi. Sai dai tsakanin biyun akwai fili mai faɗi, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Mai yiwuwa ka ɗauki tsayuwar mutumin kaɗai, ka canja fuska, ka cire taron da ke baya. Wannan zan iya cewa ya fi kusa da koyi, amma ba zan rantse maka ba, musamman in tsayuwar ita ce dukan kyawun hoton.

Kada ka ce don ka sha wahalar zanawa shi ke nan. Wani mai zane a Amurka, Shepard Fairey, shi ya yi fastar Obama ta yaƙin zaɓen 2008 da duniya ta sani. Daga hoton da Mannie Garcia ya ɗauka wa kamfanin dillancin labarai na AP a 2006 ya zana ta, ya sauya launuka kakaf. Duk da haka sai da suka je kotu, aka yi sulhu a 2011. Abin da ya fi ja masa ma shi ne ƙaryar da ya yi kan hoton da ya yi amfani da shi, har da goge shaida. A kan wannan aka hukunta shi a 2012.

Sannan kuɗi na canja magana. Abin da mai hoto zai kawar da kai a kansa in gwaji ne, ba lallai ya yafe ba in ya shiga otal ya gan shi a bango. In da ni ne, zan nemi mai hoton in gaya masa gaskiya. Wani suna kawai yake so a ambata, wani zai ce a ba shi wani abu, wani ya ƙi, kuma haƙƙinsa ne. In ba ka same shi ba, tara hotuna biyar ko shida, ka duba yadda ake riƙe homa, ka rufe su duka, ka zana naka. Ko ka hau mota, Argungu ba Makka ba ce.

Dagin Arewa fa, na waye?

Na kakanninmu. Amma tambarin da wani ya zauna ya tsara da shi, nasa ne.

Sai na yi rajista kafin zanena ya zama nawa?

A'a. Kana gamawa ya zama naka, har shekara 70 bayan rasuwarka. Hukumar kare haƙƙin mallaka tana karɓar rajista, amma shaida ce kawai.

An yanke sa hannuna an buga zanena a riguna. Na kasa barci.

Yi haƙuri, 'yar'uwa, ni ma an yi mini. A jikin ɗan acaɓa na ga nawa. Kada ki fara da tona asiri a bainar jama'a. Adana zanen farko da ranar da kika ɗora, ki ɗauki hoton rigar, ki yi wa mai buga rigunan magana a keɓe. Da yawansu daga WhatsApp suka tsinta, ba su ma san da mai shi ba. In ya yi taurin kai, Facebook da Instagram suna da fom na kai ƙarar satar aiki, kuma suna saukewa. Nan gaba ki sa hannu a tsakiyar zanen, inda almakashi ba ya kaiwa.

Malam, in turo nawa ka duba ko kwafi ne?

Turo, amma haɗa da wanda ka kalla lokacin da kake zanawa. Kada ka ce mini babu.