Yaya ake cinikin 'yan wasan besbol tsakanin Japan da Amurka? Tambayoyi da amsoshi

Tun da Shohei Ohtani ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 700 da Los Angeles Dodgers a Disamba 2023 mutane ke ta tambaya wai nawa kulob dinsa na Japan ya samu a ciki. Ko sisi. Bari mu bi abin a hankali.

Shin kulob din Amurka zai iya yin musayar dan wasa da kulob din Japan, ka ba ni wannan in ba ka wancan?

A'a, yanzu ba a yi. A MLB, babban lig din besbol na Amurka, kulob 30 suna musaya a tsakaninsu, dan wasa ya kwana a wannan gari ya tashi an ce ya tattara ya koma wancan, a Japan ma kulob 12 na NPB, babban lig dinsu, suna yi. Amma tsallake teku wani abu ne daban. An taba gwadawa a 1997, Chiba Lotte Marines suka mika hakkin Hideki Irabu ga San Diego Padres ba tare da yardarsa ba, mutumin ya kafe ya ce shi fa New York Yankees ko ba komai, aka yi ta ja-in-ja har Padres suka hakura suka tura shi New York. Wannan rigimar na cikin abin da ya haifi tsarin da ake bi yanzu.

Wane tsari kenan?

Sunansa fostin, an kafa shi a 1998. Kafin Irabu akwai Hideo Nomo, wanda ya gano wata kofa a dokar, ya ce wa Kintetsu Buffaloes ya yi ritaya, sai ga shi a 1995 yana jifa wa Dodgers kuma kulob dinsa bai samu komai ba. Alfonso Soriano ma ya bi ta wannan kofar daga Hiroshima Carp zuwa Yankees. Masu kulob a Japan suka ga in ba a toshe ba za su wayi gari gida ba kowa, shi ne aka zauna aka yi yarjejeniya: dan wasa ya roki kulob dinsa, in kulob ya yarda sai ya sanar da MLB cewa ga wane a kasuwa, in an kulla kwantiragi kulob din Amurka ya biya na Japan kudin saki.

Nawa ake biya?

Nan ne labarin yake da dadi. Da farko gwanjo ake yi a boye, kowane kulob ya rubuta tayinsa ba wanda ya san na wani, wanda ya fi tsoka shi kadai zai yi magana da dan wasan. Seattle Mariners sun biya kulob din Japan Orix dala miliyan 13 da 'yan kai a kan Ichiro Suzuki a 2000, kuma wallahi sun ci riba, a shekararsa ta farko ya zama gwarzon lig. A 2006 Boston Red Sox suka rubuta dala 51,111,111.11 a kan Daisuke Matsuzaka, eh har da kwabbai, kuma wannan kudin kulob dinsa Seibu Lions ne kawai, albashinsa daban. Texas Rangers suka kai miliyan 51.7 a kan Yu Darvish. Matsalar ita ce dan wasa ba shi da zabi, ko ka yarda da wanda ya ci gwanjo ko ka koma gida, kamar yadda ya faru da Hisashi Iwakuma a 2010 da suka kasa daidaitawa da Oakland ya koma Rakuten.

A 2013 aka sa iyaka miliyan 20, daga baya aka koma kaso. Yanzu dan wasa yana da kwana 45 ya yi ciniki da duk kulob din da yake so, kudin sakin kuma daga kwantiraginsa ake lissafawa: kashi 20 cikin dari na miliyan 25 na farko, 17.5 na miliyan 25 na biyu, 15 na duk abin da ya haura. Dauki Yoshinobu Yamamoto da Dodgers suka ba miliyan 325 na shekara 12. Miliyan 5, a kara miliyan 4.375, a kara miliyan 41.25, kulob dinsa Orix ta tashi da miliyan 50.6 kenan, kuma ba daga aljihun yaron aka cire ba.

To me ya sa Ohtani ya tafi da arha?

Saboda shekaru. Wanda bai kai 25 ba MLB na daukarsa kamar sabon shiga, akwai iyakar abin da za a ba shi. Ohtani ya tafi a 2017 yana da 23, Los Angeles Angels suka ba shi wajen miliyan 2.3 kudin sa hannu, kulob dinsa na Japan Nippon-Ham ta karbi miliyan 20 a tsohon tsari kafin a koma kaso. Da ya hakura shekara biyu da ya kwashi ninkin baninkin haka, amma ya ki jira. Miliyan 700 din ya zo ne bayan ya zama mai cin gashin kansa a Amurka, shi ya sa Japan ba ta da kaso. Roki Sasaki ma haka a 2025, miliyan 6.5 Dodgers suka ba shi, Lotte ta samu abin da bai kai miliyan 2 ba, ni dai a ganina an cuci Lotte a nan.

Kulob zai iya cewa ba zai saki dan wasa ba?

Sosai ma. SoftBank Hawks ba sa fostin, Kodai Senga ya roka ya gaji. Hanyar da ta rage ita ce ka cika shekara 9 a babban tim, sai ka tafi inda kake so ba a biya kulob komai, haka Senga ya koma Mets, haka Hideki Matsui ya bar Yomiuri Giants zuwa Yankees a 2003. Shi ya sa kulob da yawa ke sakin tauraro tun da saura, gara a karbi wani abu da ya tafi kyauta.

Amurkawa fa, suna zuwa Japan?

Suna zuwa, ba fostin a wannan bangaren. Yawanci wanda ya rasa gurbi ne a MLB, kulob dinsa ya sake shi ko a ba kulob din dan kudi, sai dai akwai iyakar baki hudu da za su shiga jerin wasa guda. Randy Bass bai yi wani suna a Amurka ba amma a Hanshin Tigers ya buga hom ran (bugun da yawanci ke tsallakar da kwallo bayan katangar fili) 54 a 1985. Cecil Fielder ya yi shekara daya a Hanshin a 1989, ya dawo MLB ya shiga Detroit ya buga 51 a shekarar da ta biyo.