Ma'anar Kuruz da Yadda Yake Zama Kyautar Ba-zata ga Iyali

Kalmar kuruz tana yawan fitowa a tallace-tallacen kamfanonin tafiye-tafiye da kuma gajerun bidiyoyin da ke yawo a intanet, inda ake nuna wata dattijuwa ta buɗe ambulan, ta ga hoton wani ƙaton jirgi da sunanta rubuce a ƙarƙashinsa, ta rufe baki da hannu hawaye na zubo mata. Abin da kalmar ke nufi shi ne yawon shaƙatawa a cikin babban jirgin ruwa wanda fasinja ke kwana a cikinsa kuma ya ci abinci a cikinsa, jirgin yana yada zango a tashoshi daban-daban na 'yan sa'o'i domin a sauka a ga gari, sannan galibi ya koma tashar da ya taso. Daga Turanci aka aro kalmar, su ma Turawan Ingila daga harshen mutanen Holand suka ɗauko ta, daga kalmar kruisen mai ma'anar ƙetarewa ko kai-kawo a kan teku.

Jirgin fito da jirgin jigilar fasinja aikinsu shi ne su kai mutum inda ya nufa, kuma gwargwadon saurinsu gwargwadon darajarsu. Shi kuwa jirgin kuruz, zaman cikinsa ne abin da aka saya, shi ya sa yake tafiya da dare ya wayi gari a sabuwar tasha, kuma babu wanda ke ƙorafin cewa ya dawo da shi inda ya ɗauke shi.

Wannan irin tafiya ta daɗe. A shekarar 1844 kamfanin P&O na Ingila ya fara sayar da tikitin yawon buɗe ido daga birnin Sawutamtan zuwa tashoshin Bahar Rum irin su Jibraltar da Malta da Atina. A watan Janairun 1891 Albert Ballin, jagoran wani kamfanin jiragen ruwa na birnin Hambug a Jamus, ya lura cewa lokacin sanyi fasinjoji suna ƙaurace wa Tekun Atlantika saboda haukan igiyar ruwa, sai ya tura jirginsa Augusta Victoria yawon kusan wata biyu a Bahar Rum maimakon ya bar shi yana zaman banza. Da kasuwar ta karɓu, kamfanin ya ƙera Prinzessin Victoria Luise a 1900, jirgi na farko da aka ƙera musamman domin wannan aiki. Babban sauyi ya zo ne bayan 1958, lokacin da jiragen sama masu injin jet suka fara ƙetare Atlantika cikin sa'o'i, suka kwashe fasinjojin da a da suke shafe kwanaki a kan ruwa. Dole masu jiragen ruwa suka nemi wata sana'a, suka karkata ga tsibiran Karibiyan, har Miyami ta jihar Fulorida a Amurka ta zama cibiyar harkar. Jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa ya kai kimanin mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000.

Dalilin da ya sa masu neman faranta wa iyali suke son wannan kyauta a fili yake. Sau ɗaya ake kwance kaya a ɗaki, amma a ga garuruwa huɗu ko biyar a mako guda. Kaka mai ciwon gwiwa za ta iya zama a inuwa tana kallon teku, jikoki suna wurin wasan yara ƙarƙashin kulawar ma'aikata, iyayensu sun sauka yawon gari, da maraice kuma kowa ya hallara a tebur ɗaya. Samun tafiyar da za ta haɗa mai shekara saba'in da mai shekara bakwai ba tare da ɗaya ya takura ba abu ne mai wuya, kuma a ganina wannan ne ainihin darajar kuruz ga iyali, fiye da girman jirgin ko ƙawar ɗakunansa.

Sai kuma rabin maganar na biyu, wato ba-zata. Kyautar ba-zata ita ce wadda aka shirya a ɓoye har mai karɓa bai yi zatonta ba, kuma daɗinta yana cikin wannan ɗan lokaci da mamaki ke riƙe mutum kafin murna ta biyo baya. Idan kyautar agogo ce ko tufafi, sirrin yana iya kaiwa har ranar miƙawa ba tare da wata matsala ba. Tafiya kuwa daban take, domin mai bayarwa ya biya kuɗi ne kawai, amma kwanakin da za a kashe, da jikin da zai hau ruwa, da takardun da za a nuna a bakin tasha duk na mai karɓa ne. Saboda haka ake samun ba-zata iri biyu a wannan harka. Akwai wanda ke ɓoye shirin har ya kammala, sannan ya sanar da iyali saura watanni a tashi, akwai kuma wanda ke ɓoyewa har ranar tafiya, ya ce kowa ya haɗa jaka ba tare da ya faɗi inda za a ba. Na farkon nake goyon baya, kuma dalilaina suna cikin ƙa'idojin tafiyar kanta.

Kamfanin jirgi ba ya karɓar rajista sai da cikakken sunan kowane fasinja da ranar haihuwarsa daidai da yadda suke a fasfonsa, kuma kuskuren harafi ɗaya yana iya tsayar da mutum a ƙofar shiga. Kamfanoni da ƙasashe da yawa suna son fasfon ya kasance da sauran wata shida bayan ƙarshen tafiya. Biza kuma ta danganta da fasfon da mutum yake riƙe da shi da ƙasashen da jirgin zai tsaya, kuma sau da yawa ana buƙatar ta ko da fasinja ba shi da niyyar sauka a tashar, domin jirgin ya riga ya shiga ruwan wannan ƙasa. Bizar ƙasashen Turai na yankin Shengen, alal misali, tana buƙatar mai nema ya je da kansa a ɗauki hoton yatsunsa idan ba a ɗauka ba cikin shekaru biyar da suka wuce. Ta yaya za a kai mahaifi ofishin biza a ce bai san da tafiya ba? Yaron da zai tafi ba tare da ɗaya daga cikin iyayensa ba shi ma ana iya neman takardar amincewarsu. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda aka mayar daga bakin jirgi saboda rashin takarda yawanci ba a mayar masa da ko sisi.

Batun lafiya ya fi wannan laushi, kuma a nan ne na fi jin tsoro ga mai kyakkyawar niyya. Mafi yawan manyan kamfanoni ba sa ɗaukar mai juna biyu da cikinta zai kai mako 24 kafin ƙarshen tafiya, kuma ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba, a dogayen tafiye-tafiye na ƙetare teku ma sai ya cika shekara. A ɗauka wani ya biya wa ƙaninsa da matarsa kuɗin tafiyar da za a yi nan da wata biyar, alhali matar tana ɗauke da ƙaramin ciki da ba ta kai ga faɗa wa kowa ba. Ranar da aka miƙa mata ambulan a gaban dangi, sirrinsa ya ci karo da nata, ta rasa ko ta yi godiya ta yi shiru ko ta fallasa abin da ba ta shirya faɗa ba. Haka ma wanda ke tsoron ruwa tun yana yaro, ko mai shan maganin da ke buƙatar ganin likita a kai a kai, ko ma'aikacin da hutunsa na shekara ya ƙare. Mafita ita ce a jawo mutum ɗaya amintacce cikin sirrin daga kowane gida, wanda ya san halin da ake ciki kuma zai iya duba fasfo da kalandar aiki da ta makaranta ba tare da an ankara ba.

Kuɗin da ake gani a talla ma yana buƙatar fassara. Ana rubuta shi ne a kan mutum ɗaya bisa sharaɗin mutum biyu za su zauna a ɗaki, don haka wanda zai kwana shi kaɗai yakan biya kusan ninki biyu. Kuɗin ya ƙunshi ɗaki da abincin manyan wuraren cin abinci da yawancin wasannin nishaɗi, amma galibi bai ƙunshi tikitin jirgin sama zuwa tashar tashi ba, ko intanet, ko lemon kwalba, ko yawon gari da kamfani ke shiryawa, ko ganin likitan jirgi. Akwai kuma tukuicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kowace rana, manya da yara. Ba na ganin wannan tukuici a matsayin abin da za a yi ƙyashinsa, domin masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci, waɗanda da yawansu 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya ne, suna shafe watanni shida ko fiye a kan ruwa ba tare da ganin nasu iyalin ba. Abin lura dai shi ne yadda ake biya. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, kowa yana da kati guda wanda shi ne makullin ɗakinsa kuma shi ne asusunsa, duk abin da ya saya yana taruwa sai daren ƙarshe a kawo lissafi. Idan mai kyauta bai biya waɗannan tun farko ba, ko bai faɗi ƙarara inda kyautarsa ta tsaya ba, sai dattijon da aka ce masa an biya komai ya tsinci kansa da takardar bashi a hannu da asubar ranar sauka.

Ana kama ɗaki ne da kafin alƙalami, sannan a cika sauran kuɗin saura wata biyu da rabi zuwa huɗu a tashi, gwargwadon kamfani da tsawon tafiya. Daga wannan rana duk wanda ya fasa zai yi asarar wani kaso, asarar tana ƙaruwa har ta cinye kuɗin gaba ɗaya a makonnin ƙarshe. Wannan rana ita ce iyakar sirri a wurina: a sanar da iyali kafin ta zo, a kuma zaɓi irin kafin alƙalamin da ake iya mayarwa, tare da inshorar tafiya da ta ƙunshi jinya da fasa tafiya. Wanda bai da tabbacin ranakun da suka dace yana iya sayen katin kyauta na kamfanin ya bar wa iyali zaɓin lokaci.

Ɗakuna iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga, mai baranda, sai babban ɗaki mai falo. Mai saurin jiri da tashin zuciya ya fi samun sauƙi a tsakiyar jirgi a benen ƙasa, inda girgiza ta fi ƙaranci. Jihar Alaska ta Amurka ana zuwanta ne daga Mayu zuwa Satumba, Karibiyan kuma tana da lokacin guguwa daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba, wanda kan sa kyaftin ya sauya hanya ko ya tsallake wata tasha. Ga iyalin da ba su taɓa hawa ba, tafiyar kwana uku ko huɗu gwaji ce mai kyau kafin ta mako guda, wanda kuma teku ke ba shi tsoro yana iya gamsuwa da yawon kogi, kamar na Nilu tsakanin Luksor da Aswan a Masar, inda ba a rabuwa da ganin gaɓa.

Tambayar da iyaye suka fi yi bayan mamaki ya lafa ita ce ta tsaro, kuma ya kamata mai kyauta ya amsa ta da gaskiya. Hatsari yana aukuwa: a ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka mutu, kuma bayan wannan ne aka tsaurara doka cewa a yi wa fasinjoji atisayen ceto kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi, kowa ya san wurin taruwarsa da yadda ake ɗaura rigar ceto. Cuta ma tana saurin yaɗuwa inda dubban mutane ke cin abinci wuri ɗaya, kamar yadda aka gani a jirgin Diamond Princess da aka killace a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, inda sama da mutum 700 suka kamu da korona. Wanda ya ji duk wannan ya ce hankalinsa bai kwanta ba, yana da haƙƙin a saurare shi ba tare da an nuna masa ya yi butulci ba.

Ranar sanarwa ba ta buƙatar wani gagarumin shiri. Ambulan mai ɗauke da hoton jirgi da taswirar tashoshi da ranar tashi ta isa, a miƙa wa babba a gida, a bar shi ya karanta da kansa. Mai yiwuwa abin da zai fara fitowa daga bakin uwa shi ne, "To wa zai kula da gida, kuma maganina fa?" Ɗan da ya shirya zai iya cewa, "Mama, saura wata huɗu, kuma idan ranar ba ta yi miki ba ana iya sauya ta." Cikin waɗannan watanni ne za a sabunta fasfo, a nemi biza, a ga likita, a sanar da kamfani irin abincin da wani ba ya ci, a kuma kama otal domin a isa garin tashar kwana ɗaya kafin tashi, tunda jirgi ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara. Ranar shiga kuma a riƙe fasfo da magunguna da kayan sauyawar yara a jakar hannu, domin manyan akwatuna sukan kai yamma kafin ma'aikata su kawo su ƙofar ɗaki.