Dokar jera 'yan takara biyar a zaɓen magajin garin New York

A zaɓen fid da gwani na birnin New York, mai jefa ƙuri'a ba mutum ɗaya yake zaɓa ba. Doka ta ba shi damar jera har mutum biyar, wanda ya fi kwanta masa a rai a sama, sauran su biyo baya. Mutanen birnin ne suka amince da tsarin a ƙuri'ar raba-gardama ta Nuwamban 2019 da rinjaye sama da kashi 70 cikin ɗari, aka fara aiki da shi a 2021. Ya shafi kujerar magajin gari da 'yan majalisar birni da shugabannin gundumomi biyar da wasu kujeru biyu na birnin.

Wajen ƙirga, ana fara duba zaɓin farko na kowa. Wanda ya haura rabin ƙuri'un ya ci, magana ta ƙare. In babu, sai a cire na ƙarshe, a ɗauki takardun da suka sa shi a farko, a miƙa kowace ga wanda mai ita ya sa a na biyu. Haka za a yi ta cirewa ana rabawa har a rage mutum biyu, mai yawa ya lashe. Sa wani a na biyu ba ya rage wa na farkonka komai, domin ba a waiwayar na biyun sai an fitar da na farkon. Ba dole ba ne a cike gurabe biyar. Amma maimaita sunan mutum ɗaya a duk guraben ba ya ƙara masa ko ƙuri'a guda, sa mutum biyu a gurbi ɗaya kuwa yana iya lalata takardar.

A da, in babu wanda ya kai kashi 40 a manyan kujerun birni, sai a je zagaye na biyu. Na 2013 ya ci kusan dala miliyan 13, masu zaɓe kuma kaɗan suka fito. Yanzu fita ɗaya ta isa.

Zaɓen 2021 na jam'iyyar Dimokurat shi ya nuna nauyin guraben nan na ƙasa. Eric Adams ya fara da kusan kashi 31, Maya Wiley na biye, Kathryn Garcia ta uku. Da aka yi ta rabon takardu, Garcia ta wuce Wiley, ta zo dab da Adams: tazarar ƙuri'u dubu bakwai da 'yan kai ce ta raba su. A gefe guda kuwa, takardu kusan dubu 140 ba su shiga ƙirgar ƙarshe ba, saboda masu su ba su sa Adams ko Garcia a ko wane gurbi ba. Wannan adadi ya ninka tazarar kusan sau ashirin. Abin da ya fi damuna ke nan game da dokar. Tana da kyau, tana hana mai kashi 30 hawa kujera alhali mafi yawa ba sa son sa, amma amfaninta na wanda aka zauna aka yi wa bayani ne. Tsohuwar da ba ta jin Turanci sosai, ta sa suna ɗaya ta tafi gida, muryarta tana iya ɓacewa tun kafin a kai inda ake yanke hukunci.

Dokar ta kuma sauya salon kamfe. A zaɓen fid da gwani na Dimokurat na watan Yunin 2025, Zohran Mamdani da Brad Lander, duk da suna neman kujera ɗaya, kowa ya roƙi magoya bayansa su sa ɗayan a na biyu. Mamdani ya fara da kashi 43 da rabi, ya ƙare da kusan 56 a kan tsohon gwamna Andrew Cuomo.

Babban zaɓen Nuwamba bai shiga dokar ba. A can suna ɗaya ake zaɓa, mai yawa ya ci ko bai kai rabi ba. Faɗuwa a fid da gwani ma ba ta hana mutum tsayawa, shi ya sa Cuomo ya sake fitowa ba a inuwar Dimokurat ba a ranar 4 ga Nuwamban 2025, ya kara da Mamdani da Curtis Sliwa na Rifablikan. Mamdani, haifaffen Kampala, ya ci da ɗan abin da ya haura rabi, ya zama Musulmi na farko a kujerar.

Ga 'yan'uwanmu mazauna Bronx da Harlem: sai mai shaidar zama ɗan ƙasa yake zaɓe, fid da gwani kuma sai wanda ya yi rajista da jam'iyyar. Majalisar birni ta yi doka a 2021 don ba masu izinin zama damar zaɓen birni, kotun ƙoli ta jihar ta soke ta a Maris ɗin 2025.