Yadda zauren shari'ar Rumawa ya rikiɗe ya zama coci

Kafin shekara ta 313 Miladiyya, Kiristocin daular Rum ba su da wani fasalin gini da za a ce nasu ne. A gidaje suke taruwa. Wanda ya fi tsufa cikin waɗanda aka tono yana garin Dura-Yurofos, a bakin kogin Furatu a Siriya. Gidan zama ne da aka gyara wajen shekara ta 240, aka rushe bangon da ya raba ɗakuna biyu aka sami zaure, wani ɗakin kuma aka mai da shi wurin baftisma, da zane-zane a jikin bango. Daga waje ba mai bambanta shi da gidan maƙwabta.

Da Sarki Kwanstantin ya ci abokin hamayyarsa Makzentiyus da yaƙi a 312, aka kuma ba addinin 'yanci a shekarar da ta biyo, sai buƙata ta canza: ana neman wurin da zai ɗauki dubban mutane a ƙarƙashin rufi ɗaya. Haikalin gumaka bai dace ba, kuma ba don ƙyamar gumakan kaɗai ba. Ɗakin cikinsa na gunki ne, jama'a a waje suke tsayawa, can ake yanka a kan bagade. Ginin da Rumawa suka saba cika shi da mutane shi ne basilika, dogon zaure na shari'a da hada-hadar kasuwanci. Wani ɗan siyasa mai suna Kato ya gina ɗaya a birnin Rum tun shekara ta 184 kafin haihuwar Annabi Isa, magini Bitrubiyus kuma ya bar ƙa'ida cewa faɗinsa kada ya gaza kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, kada ya wuce rabi.

Fasalin basilikar aka ɗauka. Cocin Lateran a birnin Rum, wanda aka fara a kan kangon barikin dakarun dokin Makzentiyus, tsawonsa ya kai kusan mita 100. Fasalin kuwa ga shi: layukan ginshiƙai sun raba zauren gida uku ko biyar, na tsakiya ya fi faɗi da tsayi. A kan ginshiƙan ake ɗora bangon jan bulo, a huda tagogi a samansa inda ya zarce rufin gefe, daga nan haske ke sauka. A ƙurya akwai lungu mai siffar rabin da'ira, inda a da alƙali ke zama, yanzu bishop ne a kujerar. Ƙofa kuma ta tsaya a ƙarshen da ke fuskantar lungun, don idon mai shiga ya tafi kai tsaye zuwa bagade.

Maganar rufi ce ta fi bayyana dabarar. Rumawa gwanaye ne a zuba bakan gizo na kankare, da farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta ta yankin Fozzuwoli. Basilikar Makzentiyus da irinsa aka rufe ta, faɗin tsakiyarta kusan mita 25. Amma bakan gizo tura bango yake yi waje, don haka sai an ba shi katanga mai kauri, da katakon tallafi mai yawa kafin kankaren ya kama. Maginan coci sun zaɓi katako: sanduna biyu su jingina da juna a ƙololuwa, doguwar azara ta ɗaure ƙafafunsu a ƙasa. Azarar ce ke shanye turin, nauyin ya sauka miƙe a kan bango, shi ya sa bangon ke iya zama siriri. Ya fi sauri, ya fi araha. Ginshiƙan ma yawanci na tsofaffin gine-gine ne aka ciro, launinsu da tsayinsu ba ɗaya ba, sai a yi wa gajere ƙari a gindi.

Arahar tana da nata kuɗin. Tsohon cocin Waliyyi Bitrus, da aka fara a zamanin Kwanstantin, an kafa shi a gangaren tudun Batikan don ya zauna daidai kan kabarin da ake girmamawa a matsayin na Bitrus. Sai da aka yanke tudun ta gefe ɗaya, aka cike maƙabartar da ke wurin da ƙasa. Ginshiƙai 88 ne a layi huɗu, a kansu dogon bango mai tsayi, cike da tagogi, ba madogara. A ƙarni na 15 magini Albarti ya lura bangon ya karkace fiye da ƙafa shida, ya ce katakon rufi ne kawai ke riƙe da shi. A 18 ga Afrilu 1506 Fafaroma Juliyus na biyu ya aza harsashin sabon gini, aka shiga rushe tsohon sannu a hankali.

Ɗaya abokin gaban shi ne wuta. Cocin Waliyyi Bulus na bayan ganuwar Rum ya yi sama da shekara 1,400 a tsaye, sai a watan Yuli 1823 sakacin masu gyaran dalmar rufi ya ta da gobara cikin dare. Da azarori suka ci wuta suka rufto, zafin ya gasa ginshiƙan, marmara kuwa in ta sha wuta tsagewa take yi ta koma farar ƙasa, ta kasa ɗaukar abin da ke kanta. Cocin da ke wurin a yau sabon gini ne a kan tsohon fasali.

Mai son ganin yadda abin yake tun asali sai ya hau tudun Abentin a birnin Rum, ya ga cocin Santa Sabina, da aka gina tsakanin 422 da 432. Ginshiƙan marmara 24 ne iri ɗaya, bakan gizo ƙanana na haɗa su, manyan tagogi a sama. Ƙofar katakonsa ta ƙarni na 5 tana nan, a ɗaya daga allunanta an sassaƙa Almasihu tsakanin ɓarayi biyu, hannuwa a buɗe, ɗaya daga cikin hotunan gicciye mafi tsufa da suka rage.